Ranar da Na Zama Harshen Baba

Ranar wata Litinin ce ta kasuwar Maraɗi, a farkon damina, shekaru kaɗan bayan ambaliyar da ta tashi garin daga gulbi zuwa tudu. Ina tsugune a tsakar gida ina tace kunun Baba da tsumma, sai na ji warin gawayi daga zaure. Na leƙa, na ga wanzami ya cusa kibiyar sakiya cikin wuta, Baffa Mamman, yayan Baba da ya zo daga Tsibiri, yana yi masa fifita. Gabana ya faɗi, don na san wuyan da aka nufa da ita.

Baba manomin taba ne a fadamar Jiratawa, kuma garin taba da kanwa ba sa barin bakinsa. Wani miki ya fito masa a harshe ya ƙi warkewa, lokotoro, wato likitan Nasara, ya ce ciwon daji ne, aka sa shi a motar gyaɗa zuwa Yamai. Ya dawo da rabin harshe, a rame, maganarsa ta zama gurnani. Mutumin da in ya yi kira daga gona ake jinsa a hayin gulbi, sai ga shi yana neman ruwa da hannu. Jinyarsa ta faɗo kaina, ni Rabi, 'yar shekara tara. Ni ke tace kunu har ba tsaki, ni ke dafa ruwan gishirin da yake kurkure baki, ni ke ɓoye goro da yaji. Ina jiyo sa'o'ina suna gaɗa a dandali, raina yana ɓaci, ina riƙe da ƙwarya. Amma an ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A hankali na zama ni kaɗai ke gane abin da yake faɗi, har Inna sai ta waiwayo ta tambaye ni.

Duk tsayuwar wata mukan kai shi asibiti bisa jaki. Lokotoro ya leƙa bakin, ya lalube wuyan da yatsu, tafinta ya maimaita mana gargaɗi ɗaya: in kumburi ya fito, kada kowa ya taɓa, a kawo shi. To, kumburin ya fito ƙarƙashin muƙamuƙi kamar ƙwan zabuwa, a makon da lokotoro ya tafi rangadi. Baba ya ce a jira shi. Baffa kuwa bai san jira ba, kuma ba mugunta ta kawo shi ba, tsoro ne. "Nasara sun ci rabin halshe, mu bari su ci wuya?" in ji shi.

A Litinin ɗin nan aka fito da Baba zaure, ƙarti biyu suka dafe kafaɗunsa. Yana girgiza kai, ba wanda ya kula, don kowa ma yana girgiza kai in ya ga wuta. Inna tana bayan zana tana kuka a ciki, kunya ba za ta bar ta ta ɗaga murya gaban yayan miji ba. Sai Baba ya yi wani gurnani mai tsawo, yawu yana zuba bisa rigarsa, idonsa a kaina. Baffa ya juyo. "Ke ɗiya, mi yac ce?"

Na ji sarai abin da ya ce, kuma magana ce da yaro ba ya faɗa wa babba ko da wasa. Kibiyar ta yi jawur. Tsoron bulalar Baffa da tsoron kibiyar suna kokawa a cikina. Na dubi ƙasa na ce, "Ya ce duk wanda ya taɓa wuyanai, bai yahe ba, duniya da lahira. Har da kai, Baffa."

Baffa ya ɗaga hannu, na runtse ido, amma marin bai sauka ba. Baba ne ya fizge kafaɗa ya jawo ni jikinsa, yana gyaɗa kai da ƙarfi don kowa ya ga maganarsa ce. Wanzami ya tsoma kibiyarsa cikin ruwa ta yi cuu, ya ce shi ba ya aiki bisa Allah ya isa. Baffa ya hau hanyar Tsibiri ko ruwa bai sha ba.

Kwanakin da suka rage kafin dawowar lokotoro ban ci abin kirki ba, kullum ina auna kumburin da yatsa, ina tunanin in Baba ya mutu, bakina ne ya kashe shi. Da lokotoro ya dawo, ya daɗe yana lalube kafin ya yi magana. Ashe ruɓaɓɓen haƙori ne ya tayar da kaluluwa. Aka cire shi, wuyan ya saɓe. Baba ya rayu har ya aurar da ni, Baffa ma ya huce, sai dai har ya rasu "tafinta" yake ce mini.

Yanzu likitoci 'ya'yanmu ne, babur yana kai mara lafiya asibiti kafin kunu ya huce, ba mai jiran rangadi. Jikokina suna kiran sunana tiryan-tiryan. Baba kuwa tun dawowarsa daga Yamai bai sake iya faɗinsa daidai ba, "Abi" kawai yake fita. Shi ne sunan da nake kewa, kuma ba sauran mai kirana da shi.