Muryar Namiji a Ɗakin Barira

Duk wanda ya san Barira a ƙauyensu da ke bayan Zakirai ya san ta da tsoro. Ƙadangare ya faɗo daga danga, sai ta yi salati. Amma ita ce ta dage sai ta yi karatun koyarwa a Kano, da goyo a baya, mijinta Sama'ilu ya amince da ƙyar. Surukarta Inna Adama kuwa ba ta nuna inda ta dosa ba, wannan ne ya fi komai tayar wa Barira hankali.

Ba kullum take samun shiga birni ba, musamman da damina. Abin da ya cece ta shi ne malaminsu na ilimin halayyar yara yana naɗar darasi da muryarsa, fodkas suke ce masa, ɗalibai su sauke a waya. Tana tsinkar zogale tana saurare, abin ji a kunne ƙarƙashin ɗankwali.

Ana saura mako jarrabawa, akuya ta tauna igiyar abin jin. Ranar kasuwa, Sama'ilu ya fita, sai ta saki labule ta kunna wayar a fili, ƙasa-ƙasa.

Malamin yana cewa, "Kun gane ko? Bari in sake," ita kuma ta shagala har ta amsa, "Sake, Malam," sai ta hangi ƙafafun Inna a ƙarƙashin labule.

Namiji a ɗakin matar aure, da rana tsaka, mai gida ba ya nan! Ta yi ta lalube ta kasa kashe wayar, malamin kuwa ya ci gaba da zubo bayani abinsa. Ta tabbata karatu ya ƙare, in ma auren ya tsira.

Inna ta shigo ba sallama. Ta leƙa bayan ƙofa, ta duƙa ta duba ƙarƙashin gado, sannan ta tsaya kan wayar.

"Yana ganinki?"

"Wallahi Inna ba ya gani. Bai ma san ina ji ba."

Inna ta fita, ta dawo da kujerarta 'yar tsugunno da ƙwaryar gyaɗa, ta zauna a bakin ƙofa.

"Ko a waya ne, namiji ne. Duk sanda zai yi magana, ki kira ni. Sa shi ya faro daga farko."