Shekarar da Aka Kada Babana a Tamaske

Gidanmu yana gefen Garhanga, ta wajen da dutse ke farawa. Idan aka gama girbi aka zuba damman hatsi a rumbu, ɗari kan sauko mana daga kan tudu tun kafin magariba. A irin wannan lokaci ne kakata Tsahara, mahaifiyar babana, take hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta binne gujiya cikin toka mai zafi. Mu jikoki da mun siɗe kwanon tuwo sai mu kewaye ta, har da ƴaƴan maƙwabta. Ni maigidanta take ce mini, irin wasan kaka da jika. Takan ce in matso kusa da wuta, kada sanyi ya kashe mata miji tun bai ɗinka mata zane ba.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta buga tafin hannu a cinya ta ce ga baƙuwa nan tahe, mu ba ta wuri. Mu kuma mu amsa mu ce ta shigo ta zamna. Na ji tatsuniyoyi da yawa a bakin wutar nan, mafi yawansu sun cakuɗe a kaina. Guda ɗaya ce ta zauna daram, saboda shekarar da aka yi ta.

Babana, Illa, ɗan kokowa ne. Ba ya cikin waɗanda ake jin sunansu a rediyo, masu zuwa manyan birane neman takobin da ake ba zakaran kokowa na ƙasa. Shi na fagen ƙauye ne. Yakan yi wasa a Garhanga da Tamaske, wani lokaci har Bangi can wajen Madawa. Gajere ne kakkaura, shi ya sa makaɗa suka sa masa Turmi. Sa'o'insa da an gama aikin gona sai su tafi biɗar kuɗi ƙasashen gaɓar teku, shi kuwa ba ya motsawa sai an rufe fage. Shekara shida a jere ba wanda ya ga bayansa a ƙasa a yankinmu. Ni ma da ƙirji a buɗe nake shiga lakkol, makarantarmu ta boko, kamar ni nake kayen.

A tsakiyar shekarun casa'in, ina aji uku, aka yi babban wasa a Tamaske. Aka haɗa shi da wani saurayi dogo mai suna Sa'idu, wanda ba kowa ya san shi ba tukuna. Ban je ba, amma labari ya riga babana isowa gida. Sa'idu ya ɗaga shi sama ya buga da ƙasa, kafaɗarsa ta dama ta karye. A motar ƴan kasuwa aka kai shi asibitin mishan. Ya yi makonni a can, kuma kafin a sallame shi lokotoro ya gaya masa gaskiya: hannun zai riƙe hauya, amma kokowa ta ƙare.

Da ya dawo ya shiga ɗaki, sai ya zama kamar ba ya gidan. Ba ya zuwa kasuwa, ba ya zama a majalisa. Masallaci ma da asuba kaɗai yake fita, ya dawo kafin gari ya waye sosai. Makaɗin da ya yi shekaru yana binsa ya koma yi wa Sa'idu kirari. A lakkol yara suka ƙirƙiro waƙa suna cewa turmi ya kife, a zo a kwashi tsaki. Na yi dambe da biyu daga cikinsu, rigata ta yage, malaminmu, da muke ce wa mushe, ya zane mu duka. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, ni ma a zuciyata kunyar babana nake ji.

Babana ɗan fari ne a wajen Kaka. Tun da aka haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Idan ta kama dole sai ta ce “wancan”. Saboda haka ba yadda za a yi ta shiga ɗakinsa ta lallashe shi, ko da zuciyarta na ƙuna. Takan dama hura ta ba mahaifiyata ta kai masa, ba ta tambayar ko ya sha. Amma idan ƙwarya ta dawo sai na ga ta leƙa ciki.

Wata rana bayan tuwon dare muka tarar ta hura wutarta a wani wuri daban, jikin zanar da ta kewaye ɗakin babana. Muka tambaye ta dalili, ta ce iska ta yi yawa a ƙofarta. Ko ganye ba ya motsi a ranar. Muka zauna, ta buga cinya, baƙuwa ta shigo.

Ta ce an yi wani ɗan kokowa a wani gari, sunansa Ƙi-Ƙasa, don tun yana jinjiri idan aka kwantar da shi a ƙasa sai ya yi ta tsala ihu har a ɗauke shi. Ya girma ya zama gagarau, duk wanda ya kama sai ya kai shi ƙasa. Amma yana da hali guda. Idan ya kada mutum ba ya ba shi hannu ya tashi, ba ya tambayar sunansa. Har ya hana makaɗinsa ambaton waɗanda ya kada, ya ce wanda ya sha ƙasa ba shi da suna.

Kwanci tashi tsufa ya zo, makaɗin ya mutu, sa'o'insa suka ƙare. Ƙi-Ƙasa ya koma tufkar igiya a gindin bishiya. Wata rana samarin garin suna gardamar wa ya fi wa ƙarfi, sai ya ce musu shi a zamaninsa ya kada maza ba iyaka. Suka ce to, wa da wa? Ya buɗe baki, ba suna ko ɗaya. Samarin suka fashe da dariya suka ce ashe iska tsoho ya yi ta kadawa.

Abin ya ci masa rai. Ya ɗauki sanda ya bi ƙauyuka yana tambaya ko akwai wanda ya taɓa kadawa. Amma waɗanda ya wulaƙanta ba su manta ba, kowa sai ya ce bai taɓa ganinsa ba. Ya yi ta yawo har takalminsa ya tsinke. Daga ƙarshe ya isa wata rijiya ya tarar da wani tsoho yana ban ruwan albasa. Tsohon ya dube shi da kyau ya ce, ni ka kada. Ya faɗi sunansa, ya faɗi mazan da shi ma ya kada kafin ranar, ya nuna tabon da ke gwiwar hannunsa. Sannan ya ajiye guga ya bi Ƙi-Ƙasa har garinsu, ya tsaya gaban samarin ya ba da shaida. Su kuwa sun sha jin sunan wannan tsoho a bakin kakanninsu. Suka ce in dai ka kada wannan, lalle ka yi zamani.

Kaka ta shiga tono gujiya. Wata ƙanwata ta ce ita ba ta yarda ba, don me tsohon zai taimaki wanda ya ƙi ba shi hannu? Kaka ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

“Ba don Ƙi-Ƙasa yat tahi ba, don kainai yat tahi. In anka mance da kayen, an mance shi ma ya taɓa shiga hwage. Matsoraci ba a kada shi, ɗiyata, don shi can baya yaka tsayawa shina kallo.”

Ni kuma na tambaye ta, tsakanin su biyun wa ya fi? Ta ce ita dakan hatsi ta sani, in je in tambayi wanda ya taɓa shiga fage. Daga bayan zana muka ji tari sau ɗaya. Kaka ta yi kamar ba ta ji ba, ta ce baƙuwa ta gaji, ta koma inda ta hito, kowa ya tafi ya kwanta.

Washegari ba abin da ya canza, haka ma jibi. Sai bayan kwanaki, na dawo daga lakkol da la'asar, na tarar da babana zaune a waje kan tabarma, hannunsa rataye da tsumma. Ya ce in kawo littafina da bik ɗin rubutu. Shi bai yi boko ba. Ya ce in buɗe inda ba rubutu, in rubuta abin da zai faɗa.

Ya fara tun daga kokowarsa ta farko yana saurayi. Kowace sai ya faɗi garin, ya faɗi shekarar yadda suke ƙirga ta, kamar shekarar da rijiyar kasuwa ta rufta ko shekarar fari, sannan ya faɗi abokin karawa da wanda ya faɗi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, kafin shekarun nan shida da nake taƙama da su, an kada shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba. Na ɗaga bik na ce ko in tsallake waɗannan. Ya ce in rubuta, ai su ne suka koya masa tsayuwa. Muka yi yamma uku muna wannan aiki. Da muka zo ta ƙarshe sai ya nuna littafin da yatsa.

“Sa'idu na Tamaske. Rubuta shi da kyau. Yaro na mai ƙarhi, kuma bai yi man ha'inci ba.”

Ranar kasuwa ta gaba ya sa rigarsa ya fita. Da fage ya sake buɗewa a shekarar da ta biyo baya, shi aka riƙa kira ya raba gardama idan an yi kaye mai rikici, kuma ya daɗe yana wannan aiki. Kaka ba ta taɓa cewa komai a kai ba har ta bar duniya.

Yanzu ina koyarwa a Tawa. Ni da wasu masu son kokowa, mu kaɗan, muka buɗe rumbun bayanai a intanet don ƴan kokowar ƙauyukan Adar. A cikinmu akwai tela, akwai direba, akwai wata Kirista mai aikin jinya a asibitin mishan, wadda mahaifinta ya ɗaure karayar ƴan kokowa da yawa yana kuma tuna sunayensu. Aikin sa kai ne, a lokacin hutu muke yinsa. Manyan da suka ɗauki takobi an rubuta tarihinsu. Na ƙauye kuwa suna cikin kan tsofaffin makaɗa da ƴan kallo da wasu kaset-kaset na rediyo da suka fara cin zare. Muna bin su da waya muna ɗaukar murya, muna kwatanta bakin wannan da na wancan. Wani lokaci gari biyu kowanne ya rantse nasa ne ya yi kaye. In haka ta faru sai mu rubuta duka biyun, mu faɗi wanda ya gaya mana.

Da za mu fara, abokaina sun so a jera zakaru kaɗai, sun ce wa zai so a sa sunan ubansa a layin waɗanda aka kada. Na ba su labarin Ƙi-Ƙasa. Suka yi mini dariya, amma suka yarda kowace karawa ta ɗauki suna biyu. Ina yaro na ɗauka tatsuniyar nan magani ce kawai da uwa ta aika wa ɗanta ta bayan zana, tun da kunya ta hana ta shiga. Haka ne, amma ba shi ke nan ba. Sai da na zauna gaban layuka ɗaruruwa na ga cewa sunan zakara shi kaɗai ba ya gaya wa kowa komai. Dole sai an san wa ya tsaya a gabansa, daga wane gari, da irin ƙarfinsa. Kuma mutanen da muke tsoron za su ji kunya, su ne suka fi kiranmu.

A cikin jerin babana akwai wuraren da ya manta sunan abokin karawa, muka bar su a buɗe. Bara, bayan girbi, wani saƙon murya ya shigo daga Bangi. Wata tsohuwa ce, jikarta ta karanta mata shafin a waya, har suka zo inda aka ce Illa Turmi ya kada wani mutumin garinsu. Maganarta a fili take.

“Maigidana na. Ya hwaɗi, gaskiya ta, ina wurin, muna sabon aure. Amma sai da sunka kai har rana tak kusa hwaɗuwa. Allah ya yi mai rasuwa. Ku rubuta shi.”

Ita ma ba ta iya faɗin sunan mijinta ba, jikar ce ta karɓi wayar ta ce Amadu Ɗan Jimma.

Na shigar da sunan a ranar, sannan na hau mota zuwa Garhanga. Babana ya tsufa, kafaɗar nan har yau takan yi masa ciwo lokacin ɗari. Na kunna masa saƙon, ya ce in maimaita. Ya saurara har ƙarshe, ya faɗi sunan a hankali sau biyu, ya ce ƙwarai, shi ne, mai kamu da hannun hagu, ranar nan shi babana da ƙyar ya sha. Ya yi masa addu'a. Sannan ya ce in nemo mana mota ranar kasuwar Bangi, akwai gaisuwar da ya makara bai kai ba.