Umma da Ashanarta

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifiyata, amma har yau in na ji ƙaurin zare ya ƙone, sai in gan ni a kasuwar Nyanya riƙe da gefen mayafinta.

Lokacin da gwamnati ta taso daga Legas zuwa Abuja, an kawo mahaifina da sauran ma'aikata tun gidaje ba su kammala ba. Aka sauke mu a wani ɗan fili kusa da Nyanya, cikin ɗakunan ƙarfe masu taya da ake kira karaban. Ba mu kai gida goma ba. Da rana ɗakin kamar tanda, da damina kuma bango ya riƙa tsatsafo da ruwa.

A nan na fara tari. Zanen gadon auduga zalla da Umma ta zo da shi ba ya bushewa da damina, har ya yi funfuna, ni kuma ƙirjina ba ya ɗaukar warin. Ta sauya na roba, mai bushewa nan da nan, sai ƙurajen zafi suka feso mini a baya da wuya. Kakata ta aiko Kawu daga Zariya da saƙo ɗaya: a ba shi yarinyar ya tafi da ita, tunda iyayenta sun zaɓi zaman gwangwani.

"Yaya, a ba ni wannan daminar," in ji Umma.

Daga nan ta fara shiga kasuwa da ashana a jaka. Takan zare zare ɗaya daga bakin yadi ta kunna masa wuta. In ya zama toka mai laushi, yana ƙauri irin na takarda, auduga ce. In ya narke ya dunƙule, roba ce. Ita tana neman wanda zai bar toka da yawa da ɗan dunƙule kaɗan: audugar ta sha gumi, robar ta sa ya bushe kafin la'asar.

"Hajiya mai ashana ya zo!" haka wani mai yadi, ɗan kudu, yake ihu. "Madam, za ka ƙone mini shago!"

"Oga, in yadinka na gaskiya ne, zare ɗaya kawai zai ci," ta ce masa. Ya yi ta dariya, ya sauko mata da wanda ya ɓoye a sama.

Ta yanka shi daidai siririn gadon karaban, ta ɗinka guda biyu, ana shimfiɗa ɗaya ɗaya na kan igiya. Tarin ya ragu a hankali, ƙurajen suka baje. Kafin kaka, igiyoyin filin nan duk sun cika da irin zanenmu, fari da shuɗi suna kaɗawa kamar za su tashi.

Yanzu ina zaune a Jikwoyi, filin nan kuwa benaye sun cinye shi. Zannuwan gado suna zuwa a naɗe cikin leda, an rubuta yawan auduga da roba a jiki. Nakan tambayi kaina me Umma za ta ce. Ina jin za ta karanta rubutun da ladabi, sannan ta nemi a buɗe mata ledar. In ana lissafa waɗanda suka gina wannan birni, ba a ambaton irinta. Ni dai na san akwai iyalan da suka iya zama a nan don wata mace ta gano abin da fata za ta iya kwana a kai.

Bara na kai ziyara wurin Mama Ladi, tsohuwar maƙwabciyarmu Bagwariya da ke kawo mana doya a wancan lokacin. A bakinta na ji abin da Umma ba ta taɓa faɗa mini ba. Ranar da Kawu ya juya, da hannunta Umma ta haɗa kayana cikin ƙaramar jaka, ta tura ƙarƙashin gado, ta ce in tarin ya ƙaru ita da kanta za ta kai ni tasha.

"Jakar nan," in ji Mama Ladi, "mamanki bai buɗe shi ba sai ranar da kuka tashi daga karaban. Rigunan duk sun yi miki kaɗan."

Allah ya jiƙan Umma, ya shimfiɗa mata inda ya fi nan sanyi.