Ranar da Na Daka wa Surukata Tsawa

Ko da zan manta duk abin da ya same ni a Amurka, ba zan manta da ranar da na daka wa surukata tsawa ba. Tabon ranar yana nan a tafin hannuna na dama, ina ganinsa duk lokacin da na zo alwala. Har yau in na tuna abin da ya biyo baya sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi, domin a garin Greensboro har gobe akwai masu nuna ni da baki suna cewa ga mara kunyar nan.

Bari in fara da yadda aka yi na shiga harkar bindiga. A tsakiyar shekarun dubu biyu ina aiki a shagon wani gidan mai. Wata rana da la'asar wani saurayi ya shigo ya ɗora mini bakin bindiga a goshi, ya kwashe abin da zai kwasa ya fice. Bai taɓa lafiyata ba, amma na yi watanni in aka turo ƙofar shago sai gabana ya faɗi. Da na ga tsoro zai hana ni neman abinci, sai na shiga wani ajin koyon kare kai da bindiga, na bi duk ƙa'idar da hukuma ta shimfiɗa, na karɓi takardata.

Malaminmu wani dattijon Bature ne, tsohon ɗan sanda, mai ƙaton tumbi da kunne ɗaya da ba ya ji sosai. Harbin bai ba ni wuya ba, don kakana maharbi ne, a gabansa na tashi. Abin da ya ba ni wuya murya ce. A filin harbi akwai doka cewa duk wanda ya ga haɗari, ko yau ya fara zuwa, dole ya ƙwalla ihu kowa ya tsaya, ko da malamin ne ya yi kuskuren. Dattijon nan yakan gwada mu da bindigar roba, sai ya juya bakinta wajen mutane da gangan ya jira ya ga wa zai yi magana. Ranar da gwajin ya zo kaina, sai na matsa kusa da shi na rage murya na ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri, kamar dai bindigar nan ta ɗan karkata." Ya dube ni ya ce, "Kafin ka gama ladabin nan an kashe mutum. Yi mini ihu!" Na ce masa a wurinmu ba a yi wa mai furfura ihu. Ya ce shi furfurarsa ba ta taɓa tare harsashi ba. Ya tsayar da ni ina daka masa tsawa har muryata ta dishe, 'yan aji suna ta dariya.

Shi ne kuma ya koya mini ɗura harsashi da hannuna. Kwanson tagullar da ke faɗowa bayan harbi ba a yar da shi. Tsince shi ake yi a wanke, a sa masa sabon ɗan maɓallin da ke tayar da wuta a gindinsa, a auna albarushi a ƙaramin sikeli a zuba, sannan a danna kan harsashin da wani injin hannu. Aiki ne da ba ya son gaggawa, ba ya son hira. Ya shiga raina sosai, don yana tuna mini kakana a zaure yana ɗura bindigarsa ta toka. Da muka koma wani gida mai ƙaton fili a Pleasant Garden, can gefen Greensboro, sai na mai da ɗan ɗakin katakon da ke bayan gidan wurin aikina. Na toshe masa kafofin iska, na sa tebur, na kafa kabad ɗin katako inda nake jera robobin albarushi da fakitin maɓallan. Bindigogin kuwa suna cikin akwatin ƙarfe a cikin gida. Ɗakin na sa masa kwaɗo, makulli ɗaya a aljihuna, ɗaya wurin matata saboda tsautsayi. Na zaunar da ita na gaya mata cewa ko ashana kada ta ratsa ƙofar nan.

Matata 'yar Maraɗi ce. Da ta haifi ɗanmu na fari a tsakiyar sanyi, mahaifiyarta ta zo daga gida don wankan jego. Hajiya mutuniyar kirki ce, wannan ba zan ɓoye ba. Ta iso da ƙullin kanwa da kayan yaji da kwalaben turaren wuta, har da kaskonta na ƙasa nannaɗe a cikin zannuwa. Tsakanina da ita kunya ce irin ta gida. Ban taɓa haɗa ido da ita ba, a tsugune nake gaishe ta, ita kuma ko ina tsaye a wurin sai ta juya wajen 'yarta ta ce, "Ki ce mishi an gode." Jaririn kuwa ba ta da wani suna da take kiransa sai angonta.

Rigimar ta fara ne daga na'urar nan da ke manne a silin, mai ihu in ta ji hayaƙi. Hajiya na hura gawayi a kasko don gasa cibiyar jariri da turara mai jego, sai abin ya kama tsuwa. Ta ce a cire shi, na aika mata ta bakin matata cewa ba a cirewa. Na sayo mata kaskon lantarki, ta juya shi ta ce wannan ai wasan yara ne, ita da garwashi ta gasa cibiyar 'ya'yanta duka. Waje kuwa sanyi ba ya barin a fita da ɗanyen jariri. Ashe duk kwanakin nan idonta na kan ɗan ɗakin bayan gida.

Ana jibi suna na dawo daga aiki da azahar ɗauke da ledojin cefane. Ina fitowa daga mota sai na ji ƙamshin turare daga bayan gida. Na leƙa na ga kwaɗon a buɗe yana lilo, hayaƙi na fita ta saman ƙofa. Ban san lokacin da na zubar da ledojin ba. Ina tura ƙofar, ga matata zaune a kan kujerata lulluɓe da bargo, ga jariri kwance a kan teburina a cikin tawul. Hajiya ta kwashe robobin albarushi daga kabad ta jera su a ƙasa don ta sami wurin ajiye kayan jariri, ɗaya ma an kwance murfinta an ɗora shi a karkace, da alama ta buɗe ta shinshina. Kaskon yana nan tsakaninsa da robobin bai kai kamu ɗaya ba. Ita kuma tana tsugune da mafici tana fifita garwashin, tartsatsi na tashi.

Wallahi ban yi shawara da zuciyata ba, abin da dattijon nan ya dasa mini ne ya fito. Na ce, "Hajiya, tsaya! Ajiye maficin nan! Ku fita!" Ƙarar da na yi sai da jaririn ya firgita ya tsala kuka. Hajiya ta daskare da mafici a hannu. Na ratsa ta gabanta na sunkuci kaskon da hannu tsirara, na yi waje da shi na cilla cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa. Da na dawo na tura su waje su uku, sannan na ji tafin hannuna na ci kamar an zuba mini tafasasshen mai. Matata tana kuka tana cewa, "Na gaya mata, wallahi na gaya mata, ta ce ita ta haife ni, in ba ta kile." Makullin take nufi. Hajiya ta ja mayafinta ta shige ɗakinta, ta ƙi cin abincin gidana ranar.

Kafin magariba labari ya zaga gari ta waya, kuma ba labarin albarushi ne ya zaga ba. Washegari sai ga dattawa sun cika mini falo, a gabansu wani Alhaji wanda shi ne ya tsaya wa matata a matsayin uba ranar ɗaurin aurenmu. Na zauna a ƙasa da hannu naɗe da bandeji. Alhaji ya gyara zama ya ce da ɗan Faransancinsu na can gida, "Bon, mun ji abin da anka yi. Yaro, mi ya kai ka? Uwar matarka, baƙuwa, ta ƙetaro teku don ta yi maka hidima, ka buɗe baki ka yi mata tsawa?" Na ce, "Baba, albarushi ne a gefen wutar, da jariri a ɗakin." Ya ɗaga mini hannu ya ce, "Ba wanga munka zo ji ba. Ko gidan ne ke ci, akwai yadda ake magana da manya." Wani ya ce zama da Turawa ne ya cinye mini tarbiyya. Wani ya ce Musulmi da bindiga a ƙasar nan a wannan zamani ai neman jawo wa jama'a magana ne. Na roƙi a ba ni dama in nuna musu abin da cokali ɗaya na garin albarushin nan yake yi. Alhaji ya ce su ba kallon wasan wuta suka zo ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, tun da suka zauna har suka tashi, babu wanda ya tambayi lafiyar jaririn, babu wanda ya dubi hannuna. Mutanen da za su taru su yi mini ta'aziyyar mata da ɗa suna cewa haka Allah ya ƙaddara, su ne suka zauna suna auna tsayin muryata. Suka yanke cewa in ba da haƙuri, in ba haka ba Hajiya za ta koma gidan Alhaji da 'yarta da jikanta, can za a yi suna. Na dubi matata tana rakuɓe a bakin ƙofa idonta ya kumbura. Na tashi na je ƙofar ɗakin Hajiya na durƙusa a gaban kowa, na ce na yi kuskure a yafe mini. Ban taɓa faɗin magana mai ɗaci a bakina kamar wannan ba.

Bayan an yi suna an watse, wata safiya matata ta zo ta ce Hajiya na son ganin abin da na ce zan nuna wa su Alhaji. Ashe tana jin komai daga ɗaki. Muka fita tsakiyar fili nesa da gida, na zuba albarushi ɗan cokali guda a kan bulo. Na ɗauko garwashi a bakin doguwar sanda na taɓa shi. Wuta ta yi fuu ta tashi sama da tsayina, zafinta ya bugi fuskokinmu, kafin ƙiftawar ido ta mutu. Hajiya ta dubi cokalin da ke hannuna, ta juya ta dubi ɗan ɗakin, ta daɗe tana kallonsa. Na ji tana salati. Ta karɓi jaririn daga hannun 'yarta ta ƙanƙame shi, ta ce, "Angona, ashe da hannuna na so in gasa ka."

Ranar ce kaɗai ta taɓa yi mini magana baki da baki. Ta ce, "Miƙo hannun." Ta kwance bandejin da kanta ta shafa mini man kaɗanya, sannan ta kwance bakin zanenta ta ciro makullin ta sa mini a aljihun riga. Ta ce, "Kada ka sake ba ɗiyata shi, ba ta iya hana ni. Allah shi yi maka albarka." Har na fara jin sanyi a raina sai ta ƙara da cewa, "Amma wanga zance shi tsaya nan. Kada a ji a gari, girmana zai zube." Na ce to, don me zan ce? Ta gama wankanta ta koma Maraɗi da girmanta cif, ni kuma na zauna a Greensboro da sunan wanda ya yi wa surukarsa tsawa. Ta rasu shekarun baya, Allah ya jiƙanta, shi ya sa ma na iya buɗe baki yanzu.

Ina son kunya, da ita aka rene ni, da ita nake renon 'ya'yana. Amma na koyi cewa makulli ba shi da amfani a hannun wanda ba zai iya cewa a'a ba, kuma in rai na cikin haɗari, gara a kira ka mara kunya da a zo a yaba ladabinka a wurin zaman makoki. Yaron nan yanzu ya fi ni tsawo. Tun yana ƙarami na gaya masa cewa duk ranar da ya ga zan yi abin da zai halaka wani, ya daka mini tsawa ko a gaban wa muke, ba zan sa shi ya durƙusa ba.