Sa a Bayan A-kori-kura

Da sanyin safiya a bakin hanyar Kabo, wani dattijo mai yagaggiyar rigar sanyi yana durƙushe gaban a-kori-kurarsa, yana fifita kaskon garwashi a ƙarƙashin injin don ya ɗumama. Ya tashi ya murza makulli. Motar ta yi tari, ta fitar da farin hayaƙi, ta mutu. A bayanta wani sa ne kwance, numfashinsa sama-sama. Ina jin shi ya yi kiwonsa tun yana maraƙi, don ba ya wucewa bai shafa wuyansa ba.

"Baba, ba zai kai mahautan Gwarzo ba," in ji wani mai shayi da ke gefen hanyar. "Kar fa ya zama mushe."

Dattijon ya ajiye mafici, ya dubi gabas, sannan ya kira yaron motarsa.

"Hambali, nemo mini wuƙa."