Gidan da na buɗe wa Baba a kwamfuta

Ni ne da laifi. Na daɗe ina gaya wa mutane cewa kwamfuta ce ta fito da abin, ni karantawa kawai na yi. Ƙarya nake yi. Da hannuna na rubuta, kuma na san abin da nake so ya faru.

Yayata tana sayar da goro a Asawase, a rumfar da mahaifinmu ya bari. Ita kaɗai ce mai kasuwancin, lissafinta rabi a ka, rabi a wani littafi da ya yi ja da ruwan goro. Wani kamfanin ajiya da ba da bashi ya ce zai ƙara mata jari idan ta kawo lissafi a tsare. Ni kuwa lokacin na gama kwas na kwamfuta, ban sami aiki ba, a gidanta nake kwana, tuwonta nake ci. Sai ta ce in zo in yi amfani ko sau ɗaya ne.

Aikin farko a manhajar lissafi shi ne a yi wa kowane kuɗi gidansa. Akwai gidan ciniki, gidan sayen goro daga ƙauye, na mota da dako, na ganyen ɗauri, na hayar rumfa, sai kuma na abin da mai kasuwanci ya ɗiba don kansa. Kowane gida da sunansa da lambarsa. Malaminmu ya ce in ka sa abu a gidan da ba nasa ba, ribar da za ta fito ta bogi ce. Na riƙe wannan magana kamar karatun allo, amma a kan wasu kawai. Kuɗin katin wayata da na abincina na rana, na tura su gidan da na sa wa suna "kayan ofis".

Muna cikin jera gidajen muka zo kan Baba. Ba mahaifinmu ba ne. Shi ne ya yi wa mahaifinmu zaɓen goro tun kafin a haife ni, yana ware fari da ja, yana fitar da mai sankara kafin ya ɓata sauran, yana ɗaure huhu. Yanzu idonsa ya yi rauni, hannunsa yana rawa. Duk da haka kullum yana hawo turoturo, motar haya, daga Asokore Mampong, Yaya ta ajiye masa ƙaramin baho na goro ya zaɓa, ta saya masa koko da ƙosai, da rana shinkafa da wake, da yamma ta ba shi ladan aikinsa da kuɗin mota. Bayan ya tafi sai ta zauna ta sake zaɓen bahon daga farko, don rabin mai sankarar yana wuce masa. Bai sani ba. Duk layin sun sani, babu wanda ya taɓa faɗa.

Yaya ta ce in sa kuɗinsa a gidan ladan ma'aikata. Na ce wanda ba ya aiki ba ma'aikaci ba ne, sai dai mu buɗe gidan sadaka. Ta ce Baba bai taɓa karɓar sadaka ba, ba kuma a rumfarta zai fara ba. Ta ce in yi yadda ta faɗa, ta tashi ta koma kan masu saye.

Ina da haushin Baba. Tun da na fara zuwa da kwamfuta yake kirana Akawu, yana tambayata ko yau na'urar ta haifi sidi, kuɗin ƙasarmu. Masu dako su yi dariya. Wasa ne irin na tsoho da yaron da ya goya, amma ni yana taɓa ni inda ke ciwo, don na san zaman banza nake yi. Sai na buɗe sabon gida a ƙarƙashin asara, kusa da ruɓaɓɓen goro, na sa masa suna "Baba". Kullum ina zuba masa kokonsa, shinkafarsa, kuɗin motarsa. Har goron da yake ɓarawa ya sa a baki na yi wa kuɗi na shigar. Yaya ba ta karanta allon kwamfutar, ta yarda da ni.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, kasuwa ta ɗan lafa. Maƙwabcinmu mai sayar da kwanduna yana zaune, da masu dako biyu, da matar da ke kawo mana ganye. Baba yana kan tabarmarsa da bahonsa, abincinsa a gefe bai buɗe ba. Ya ɗago ya ce, "Akawu, yau nawa ta haifa?"

Na ce bari in karanta masa. Na juya allon wajen mutane, na karanta gidajen asara ɗaya bayan ɗaya. Goron da ya ruɓe a hanya, kaza. Wanda ya bushe, kaza. Sannan na karanta sunansa da jimlarsa, na ce ya fi sankara ci mana riba. Ɗaya daga cikin masu dakon ya fara dariya, da ya ga babu mai taya shi sai ya haɗiye.

Baba ya ce, a hankali, ai shi ladan aikinsa yake ci.

Da na tsaya nan, da wataƙila an rufe da wasa. Ban tsaya ba. Na ce, "Wane aiki, Baba? Duk bahon da ka zaɓa, sai Yaya ta sake zaɓensa bayan ka tafi. Tambaye ta."

Ya juya wajenta. Bai tambaya ba, ita kuwa tana riƙe da kuɗin wani mai saye ta kasa ba shi canji. Baba ya dubi mai kwanduna, mai kwanduna ya sunkuyar da kai. Nan ya gane kowa ya sani. Ya jawo ganye ya rufe bahon yadda ake yi don kada goro ya sha iska, ya wanke hannu da ruwan butarsa, ya lalubo takalminsa. Yaya ta bi shi da kuɗin mota, ya ce ta bari, yau bai yi aikin da za a biya shi ba. Abincin yana nan a ajiye har muka rufe rumfa.

Yaya ba ta zage ni ba. Ta ce in buɗe mata gidan kayan ofis, wanda ta ji sunansa tun muna jera gidajen, in karanta mata shi da ƙarfi kamar yadda na karanta na Baba. Na kasa. Ta ce dama ta sani, rumfar goro ba ta da ofis.

Baba bai dawo ba. Ta aika masa da kuɗi, ya mayar. Ta je da kanta, ya karɓe ta da fara'a, ya tambayi kasuwa, ya ƙi maganar dawowa. Ni kuma na ci gaba da zuwa rumfa ina cewa lissafi ba ya jin kunyar kowa. Na goge gidan Baba a kwamfutar, na mayar da kuɗin cikin ladan ma'aikata, ina ganin kamar na gyara. Kamfanin ya ba Yaya jarin, mai duba takardun har ya yaba tsarina. Na ji daɗin yabon, wannan ma sai na faɗa.

Sai da aka yi watanni, na ji ƴarsa ce ke ciyar da shi kuma ya daina fita ko masallacin Juma'a sai an kama hannunsa, sannan na shiga mota zuwa Asokore Mampong. Na same shi a ƙofar ɗaki, hannuwansa a kan gwiwa babu abin yi. Ya gane muryata. Bai ce Akawu ba, ya ce sannu da zuwa, kamar baƙo. Na durƙusa.

Na ce, "Baba, ni ne na ci abincin rumfar nan a banza, na ɓoye nawa na tona naka. Ba don lissafi na yi ba, don in kunyata ka na yi. Ban zo in ce ka dawo ba, na san na ɓata wannan. Na zo in ce na zalunce ka. Don Allah ka yafe mini."