Aukje Terpstra, Mai Sauraron Shafi da Allo a Kashe

Ƙarfe takwas saura kwata Aukje Terpstra take jingine kekenta a bayan ofishin ƙaramar hukumarmu, ko ana ruwa ko ana iska, kuma a nan Friesland galibi duka biyun ake yi. Ta zuba kofi, ta buɗe tsohuwar manhajar rubutunta, wadda ta shekara ashirin da shida tana koya wa dabaru da hannunta. A ciki take rubuta shafukan intanet na garinmu. Ta saita ta yadda ba za ta bari shafi ya fita ba muddin akwai alamar da aka buɗe ba a rufe ba, ko hoton da ba a rubuta bayaninsa ba. Idan ta gama sai ta kashe allon kwamfutar, ta saurari shafin yadda na'ura ke karanta wa makafi.

Mu kuwa dariya muke mata. "Aukje, wuta aka ɗauke a teburinki?" in ji Sietse mai zane-zanenmu. Sai ta ce, "Kai dai ji da kwalliyarka. Mai ido ba ya rasa mai yi masa aiki."

Ni ne shugaban sashen, kuma ni ne mai gajen haƙuri. Shekara uku da suka wuce, wata Laraba da Aukje take hutu, aka aiko sanarwar za a rufe ƙaramar gadar da ke kusa da gidan burodi. Na ɗauki hoton takardar na liƙa a shafi. Manhajar ta ƙi. Na kira Aukje a waya.

"Yaya ake kashe mai gadin nan naki?"

"Haba Jelmer, layi uku ne fa. Rubuta su mana."

"Ina da taro, don Allah kar ki ja ni da magana."

Sai ta gaya mini yadda ake kashe shi. Na kashe, shafin ya fita da hoton ba bayani.

Akwai wani dattijo makaho a garinmu, Meneer Kingma, wato Malam Kingma, wanda kullum yake sauraron shafinmu ya ji inda ake gyaran hanya kafin ya fita. Washegari kalma ɗaya na'urarsa ta ce masa: hoto. Ya fita da sandarsa, ya yi karo da shingen ma'aikata, ya faɗi ya karye a ƙugu. Tun daga nan bai sake fita shi kaɗai ba.

A taron bincike Aukje ta ce laifinta ne, tunda ita ta bar hanyar tsallake manhajar. Ina gefenta ina juya cokali a kofi, ban ce uffan ba. Kunyar wannan shirun har yau tana cina. A makon ta toshe hanyar tsallakewar. Daga baya matar gidan burodin ta gaya mini cewa duk Asabar Aukje ce ke rako dattijon.

Ke ce mai aikin da sai ya ɓaci ake sanin akwai shi, Aukje. Sau uku kina sa mana ranar koyon manhajarki, ba wanda ya zo. Juma'ar nan za ki ajiye aiki, ki kawo kek ɗinki da kanki kamar yadda muka saba, mu ci mu tafa, alhali ba mu da wanda zai zauna a kujerarki.

Jiya na yi ta maza na je gidan Meneer Kingma, na ce masa ni ne na liƙa hoton nan. Bai ko juyo ba.

"Ai na san ba ita ba ce," ya ce. "Shekara ashirin ina jin shafukanta. Jira nake in ga yaushe mai shi zai zo."

Na gode, Aukje, ki kuma yafe mini. Ku da kuke wannan sana'a, ku je ku koya a wurinta tun tana kusa. Ni na makara.